Kwamfutar Surukina Ta Yi Shiru, Shi Ma Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum, Malam Abdulgafar.

Don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma na gaji da tambayar mutanen intanet waɗanda ba su san inda ke yi mini ƙaiƙayi ba. Na san an fi kawo wa filin nan naka maganar aure da zaman gida, amma na ga kana taɓa harkar na'ura jefi-jefi. Tawa matsalar ta haɗa duka biyun, har ban san ta inda zan fara ba.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Faskari, iyalina kuma suna Ƙanƙara. Matata, bari in kira ta Zulfa, 'yar Sabuwa ce. Mahaifinta tsohon malamin gona ne, ya ƙare aikinsa yana zagaya Damari da ƙauyukan da ke kewaye da ita a kan babur. Bayan ya yi ritaya hawan jinin ido ya kama shi, gani ya riƙa raguwa a hankali har ya ɗauke gaba ɗaya. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka.

Baba yana da ɗa mai suna Zailani, yayan Zulfa, Allah Ya jiƙansa. Shi ne kafin rasuwarsa ya samo wata tsohuwar laftof ya sa mata Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta, ya sa mata manhajar da ke karanta wa marar gani abin da ke kan allo. Baba kuwa tun zamanin tafireta yatsunsa suka san wurin kowane harafi. Saboda haka kullum da safe, da ya sha koko, sai ya jawo laftof ya hau rubutu a kan irin dawa da masara na gargajiya, da wace ƙasa ke karɓar wane iri, da yadda ake gane fadamar da za ta ci amanar manomi. Ya ce gonakin can yanzu ba sa shiguwa saboda ɓarayin daji, waɗanda suka san ƙasar kuma suna ta mutuwa a gudun hijira, ba ya so abin ya bi su. Na'urar takan maimaita masa abin da ya rubuta da wata murya mai karya Hausa, jikoki su yi ta dariya, shi kuwa yana gane ta sarai.

Akwai abu ɗaya da marigayi ya koya masa. Idan sauti ya ɗauke, wanda yakan faru jefi-jefi, sai ya buɗe baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni, ya rubuta alsaconf da kalmar sirrinsa, ya yi ta danna Enter har ya ji ta yi magana. Bai taɓa ganin abin da ke fitowa ba, kuma bai taɓa buƙatar gani ba. Shekara da shekaru da wannan kalma yake gyara kayansa da kansa, ba ya kiran kowa.

Da Babbar Sallah da muka je gaisuwa, Hajiya, wato surukata, ta ce wa Zulfa laftof ɗin tana wani gurnani tana tsayawa. Aka miƙo mini ita a zaure. Ina kunnawa na gane rumbun ajiyarta ne ke shirin mutuwa. Na taho da ita Ƙanƙara, na kwashe rubutun Baba kaf, na canza rumbun, na sa mata sabon Linux, tunda wancan tsohon an daina kula da shi tun tuni. Har gobe ina nan a kan bakana cewa da ban yi haka ba da rubutun nan ya salwanta. Sifikar cikin laftof ɗin ta daɗe da mutuwa, don haka na jona ta da talabijin ɗina da kebul na HDMI, na kunna manhajar magana, ta yi magana rangaɗaɗau. Na aika da ita ina jin kaina, har ina jiran a yi mini addu'a.

An kuwa yi mini. Zulfa ta buga waya, Baba ya ce ta gode wa mijinta, Allah Ya yi albarka, kwamfuta lafiya lau. Sai da aka kwana biyu Hajiya ta kasa daurewa ta gaya wa 'yarta gaskiya. Tun da laftof ta koma ko tari ba ta yi ba. Kullum Baba zai zauna ya rubuta kalmar nan, ya danna Enter, ya karkatar da kai wajen sifikar ɗakinsa da yake jona ta da ita yana jira, ya sake rubutawa, ya sake jira. Kuma ya sa Hajiya ta yi masa alkawari ba za ta bari in ji ba, wai ba za a ce surukinsa ya yi masa alheri shi kuma ya saka masa da ƙorafi ba.

Malam, ranar da na ji wannan ban iya cin abinci ba. Na rubuta alsaconf a tawa kwamfutar, ta ce mini babu wani umarni mai wannan suna. Na shiga bincike, sai na tarar ashe an cire shi tun da daɗewa, wai yanzu tsarin yana gane kayan sauti da kansa, ba a buƙatarsa. Wane ne ba ya buƙatarsa? Ni na san mutum ɗaya a Sabuwa da ba shi da wani abu sai shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, saƙon da ke cewa babu umarnin a rubuce yake fitowa a kan allo, a gaban mutumin da ba ya gani. Da na yi tambaya a wani dandali, wani ya ce in karanta bayanan da ke tare da tsarin, wani ya ce laifina ne da ban zaɓi irin nasa Linux ɗin ba, wasu biyu kuma suka kama faɗa a tsakaninsu a kan manhajojin sauti na PulseAudio da PipeWire suka manta da ni.

To ga inda abin ya cakuɗe. A ido, ni ban san kwamfutar ta lalace ba. Ya zan gyara abin da ba a gaya mini ya ɓaci ba? Sai muka ƙulla dabara, Zulfa ta je Sabuwa ta ce tana son ta kwafi hotunan marigayi, ta taho da laftof. Ka san hanyar nan, daga Ƙanƙara a bi ta Sheme a faɗa Funtuwa, sannan Dandume, sannan a kama addu'a har Sabuwa. Tana tafe da goyo, ni ina aji ina koyarwa, hannuna ɗaya a aljihu a kan waya. Da ta kawo laftof ɗin, na kwashe Asabar da Lahadi a kanta. Na cire, na mayar, na sabunta, na bi duk abin da na gani a intanet. A talabijin tana magana. A iyafis ɗina na bulutus, wato abin sa wa kunne marar igiya, tana magana. Zulfa ta sake bin hanyar nan ta mayar da ita, aka jona a ɗakin Baba, shiru.

Na gwada yi wa Zulfa jagora ta waya. Sabis ɗin can sai ka ce ana auna maka shi da cokali, in faɗi harafi ta ji wani. Ga shi Baba ba ya barin ɗakin sai in maƙwabci ya zo ya ja shi masallaci, kafin mu rubuta layi ɗaya daidai an sallame. In kuma ya dawo ya tarar da ita a kan laftof, asirin Hajiya ya tonu.

Za ka ce me ya hana ni zuwa da kaina. Malam, kai Bahaushe ne. Tun da na auri Zulfa ban taɓa taka ɗakin Baba ba. Iyakata zaure, in cire takalmi tun daga waje, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya tambayi aiki da mutanen Ƙanƙara, in tashi. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Sifikar da yake amfani da ita ma ban taɓa ganinta ba, labarinta kawai nake ji. An ce marigayi ne ya kafe ta a bango saitin gadon, ya bi da igiyarta ta jikin bango da ƙananan ƙusoshi don kada Baba ya yi tuntuɓe, sai bakin igiyar kawai ake cusawa a laftof. Zulfa ta ce ko ƙusa ɗaya ba mai cirewa a gidan nan, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu maganar da nake yi maka, Baba ya daina buɗe laftof. Ya ce wa Hajiya ta naɗe ta a zane ta sa a akwatin marigayi, wai dama komai yana da lokacinsa. Hajiya ta ce abinci sai ta yi da gaske yake taɓawa, rediyon ma ba ya kunnawa, yana zaune kawai. Wannan shi ne abin da ke tsorata ni. Mutumin da rashin ido bai kayar da shi ba, rasuwar ɗa ba ta kayar da shi ba, kada a ce ni ne na zo da gwanintata na kayar da shi.

Ni da Zulfa kuma gida ya yi zafi. Rannan cikin fushi ta ce yayanta ya bar wa mahaifinsu ido, ni na zo na rufe. Daga baya ta yi kuka ta ba ni haƙuri, na ce ya wuce, amma bai wuce ba. Ita ta ce in ajiye kunya in je. Ni na ce in na je na kunyata Baba, na kuma nuna Hajiya ta karya alkawari. Wani abokin aikina ya ce in sa mata Windows in huta. Tsohuwar laftof ɗin ba za ta ɗauka ba, kuma yatsun Baba wannan kaɗai suka sani, ba zan mayar da dattijo aji ɗaya ba.

Don Allah ka gaya mini, me ke hana ta magana a can alhali tana yi a nan? Akwai abin da ya maye gurbin alsaconf da zan iya saitawa daga Ƙanƙara? Ko in nemo tsohon tsarin in mayar mata ko da ba shi da tsaro? Na rasa wanda zan ji haushi, masu Linux, ko Baba da karar tasa, ko ni kaina.

Naka,
Suruki Mai Neman Mafita, Ƙanƙara.

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Allah Ya jiƙan Zailani, Ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in fara cire maka ƙaya ɗaya: canza rumbun da ka yi daidai ne, ka ceci aikin dattijon nan, kuma kada ka mayar da tsohon tsarin. Su ma masu Linux ba don mugunta suka cire alsaconf ba, aikin da yake yi yawanci yanzu yana yin kansa. Sai dai haushinka yana kan hanya, domin wanda ya cire abu ba ya ganin hannun da ya saba da shi.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin wasiƙarka. Laftof ɗin nan tana da ƙofofin sauti daban-daban. Ka gwada ta talabijin, ka gwada ta bulutus, duka sun yi. Ƙofar da Baba ke amfani da ita, wato ƙaramin ramin da ake cusa igiyar sifika, ita kaɗai ce ba ka taɓa gwadawa ba, saboda sifikar tana ɗakin da ba ka shiga. Ina kyautata zaton ɗayan biyu ne: ko dai tsarin ya riƙe talabijin ɗinka a matsayin inda zai riƙa tura sauti, ko kuma layin ramin nan a kashe yake. A da alsaconf ne ke buɗe shi duk lokacin da Baba ya kira shi.

Ga abin yi. Ka ari iyafis mai igiya, ka bar na bulutus a gida. A jona sifikar Baba, ka rubuta aplay -l ka ga kayan sautin da ke ciki da lambar kowanne. Ka buɗe alsamixer, ka danna F6, ka zaɓi na cikin laftof ɗin, ba na HDMI ba. Duba ƙasan Master da Headphone. In ka ga MM, a kashe suke, ka danna M su buɗe, ka ɗaga su da kibiyar sama. Sai ka gwada da speaker-test -c 2 -t wav. In ta yi magana, ka rubuta sudo alsactl store don saitin ya zauna. In ba ta yi ba, ka buɗe manhajar saita sauti ta pavucontrol, wanda ya kamata ka saukar tun kana inda ke da sabis, ka je Configuration ka mayar da ita kan Analog Stereo. In har yanzu shiru, ka cusa iyafis ɗin a ramin. Ya yi magana, to matsalar sifikar ce ko igiyarta. Bai yi ba, a duba ramin kansa. Ka kuma tabbatar manhajar karatun tana tashi da kanta da zarar an kunna, kuma ka goge talabijin da bulutus ɗinka daga tunaninta.

Game da kalmar da yatsun Baba suka haddace, ba dole ta mutu ba. Ka rubuta ɗan gajeren fayil na umarni da amixer, ɗan'uwan alsamixer, wanda zai buɗe Master da Headphone ya ɗaga su, ka raɗa masa suna alsaconf, ka ajiye a /usr/local/bin, ka ba shi izinin aiki. Ka rufe idonka ka gwada shi daidai yadda Baba ke yi, da kalmar sirri da komai. Kada ka ɓoye masa cewa na asalin ya tafi, wannan madadinsa ne. Dattijo ne mai ilimi, gaskiya ba za ta yi masa nauyi ba.

Tambayarka ta biyu kuwa, amsarta a'a ce. Ba za a gama wannan aikin daga Ƙanƙara ba, kuma kada ka sake ɗora Zulfa da goyo a kan hanyar nan saboda abin da ƙafarka ce kawai za ta warware. Ka yi tambaya a tasha a kan halin da hanya take ciki, ka bi motar safe, ka je.

Na fahimci kunyarka, kuma ba zan raina ta ba. Ita ce ta sa Baba yake ganin girmanka har ya zaɓi ya zauna cikin shiru da ya ɓata maka rai. Shirun nan nasa ƙauna ce. Amma ku duba inda kuka kai kanku: shi yana kare fuskarka, kai kana kare tasa, Hajiya tana tsakiya da alkawari a wuya, rubutu kuma yana cikin akwati. An yi kunyar surukai don a tsare mutuncin babba, kuma babu mutuncin da aka tsare idan an bar shi zaune ba ya cin abinci.

Ba sai ka tona Hajiya ba, kuma ba sai ka yi ƙarya ba. Ka aika ta bakinta, ko ta bakin wani aminin Baba da yake jin maganarsa, cewa ka gano aikin da ka yi bai cika ba, akwai saitin da ba ya yiwuwa sai a jikin sifikarsa, kana neman izinin shiga ka ƙarasa. Kowace kalma a nan gaskiya ce. Ka ga ka ɗauke masa nauyin ƙorafi, kai ne ka zo da maganar. Ina da yaƙinin ya gane komai tun ranar da aka ce za a kwafi hotuna, kuma zai ji daɗin ƙofar da ka buɗe masa.

In ka shiga, kada ka jira ya tafi masallaci. Ka yi aikin yana zaune, kana gaya masa abin da kake yi. Muryar sabon tsarin za ta iya bambanta da wadda ya saba, a sauri ko a kauri, kuma shi kaɗai zai iya cewa ta yi ko ba ta yi ba. Kai kana da ido, shi yana da kunne, aikin na mutum biyu ne. Kafin ka tashi, ka kashe sautin da gangan, ka miƙa masa laftof ya dawo da shi da hannunsa, ka kuma nuna wa Hajiya yadda ake yi.

Maganar da Zulfa ta faɗa maka ta yi zafi, amma ba da kai take ba. Tana kallon abu na ƙarshe da yayanta ya yi wa mahaifinsu ana naɗe shi a zane, dole zuciyarta ta tafasa. Ka yafe mata har cikin ranka, ka gaya mata ranar da za ka tafi.

Kada ka bari a kai wata Sallar. Dattijo in ya saba da zaman shiru, tayar da shi ya fi gyaran kowace na'ura wuya. Ka cire takalminka a bakin ƙofa kamar yadda ka saba, ka yi sallama, ka shiga. Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a yankin nan, Ya ba Baba tsawon rai ya kammala rubutunsa.

Malam Abdulgafar